Mariƙin gaban bindiga: dogo, guntu, ko mai kwanciya?

A cikin tarkacen da ake ɗaura wa AR-15, doguwar bindigar farar hula mai siffar ta soja, a Amurka, da wuya ka sami mai sauƙin kuɗi kamar mariƙin gaba, ɗan sandan nan da ake kafawa a ƙarƙashin rigar bututu, wato murfin da ke kewaye da bututun bindiga, domin hannun da ba ya kan kunama ya sami abin kamawa. Da dala 20 zuwa 40 za ka sayi na roba mai kyau daga kamfanin da aka sani. Sauƙin kuɗin ne ma ke sa mutane sakaci. Mutum zai ga hoton soja riƙe da bindiga mai dogon mariƙi, ya saya ya ɗaura, bayan 'yan makonni ya ga bai ji daɗinsa ba, ya kwance ya sayo wani samfurin, har akwatin kayansa ya cika da mariƙan da ba ya amfani da ko ɗaya. Da ya tsaya tun farko ya tambayi kansa wace wahala hannunsa ke sha da yake so a ɗauke masa, da zaɓin ya zo da sauƙi. Zafin riga ne ke damunsa? Wuyan hannu ne ke ciwo? Nauyin gaba ne ya yi yawa? Ko kuwa hannun ne ba ya sauka wuri ɗaya duk lokacin da ya ɗaga bindiga? Kowace matsala a cikin waɗannan da irin mariƙin da ya dace da ita.

Maganar nan ta wuraren da doka ta yarda ce, musamman Amurka, inda farar hula ke mallakar irin wannan bindiga don gasa, farauta ko zuwa filin harbi ranar hutu. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja cikin waɗanda aka haramta wa farar hula, saboda haka a gida wanda abin ya shafa shi ne soja ko ɗan sanda, shi ma ba ya ƙara wa bindigar gwamnati ko noti ɗaya sai shugabansa da mai kula da ma'ajiyar makamai sun amince.

Abin da ya haifi dogon mariƙi

Mariƙin gaba ya daɗe. Bindigar Thompson ta 1921 ta zo da nata na katako, har da gurbin yatsu, domin bindiga ce mai aman wuta ba tsayawa, bakinta na tashi sama, ana bukatar abin danne ta. Amma da sojojin Amurka suka ɗauke ta gadan-gadan a Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka koma wa katako mai kwance a ƙarƙashin bututu, aka ajiye tsayayyen. Hangari ta sa wa bindigarta AMD-65 mariƙi a gaba, kuma dole ta sa, don rigar bindigar ta fallen ƙarfe ce mai saurin ɗaukar zafi. Romaniya ta sassaƙa nata a jikin katakon AK ɗinta ta 1963. Ostiriya kuwa ta yi wa Steyr AUG, wadda sojojinta suka karɓa a ƙarshen shekarun 1970, mariƙi mai naɗewa, wanda shi ake kamawa a zare bututu idan ya yi zafi.

Wanda ya cika hotuna har ya shiga ran matasa shi ne na M4, bindigar sojan Amurka. A 1995 rundunar sojan Amurka ta amince da ma'aunin Picatinny, shimfiɗar nan mai tsaga-tsaga da ake ɗaura kaya a kai, kamfanin Knight's Armament kuma ya ƙera riga mai irin wannan tsaga a fuska huɗu. Tsawon rigar M4 wajen inci 7 ne kacal. A wannan ɗan fili soja zai ɗaura tocila a gefe, na'urar leza ta aikin dare a sama, ga wayoyi ga maɓallan latsawa. To ina hannu zai zauna? Ko an sami wuri ma, tsagogin alminiyom suna da kaifi, suna cin tafin hannu. Shi ya sa aka kafa sanda a ƙasa, hannu ya koma can. A Iraƙi da Afganistan wannan shi ne kamannin bindigar sojan Amurka na shekaru, kuma daga nan shaguna suka ɗauka.

Yau kuwa yawancin AR-15 da ake sayarwa na zuwa ne da siririyar riga mai santsi, inci 13 zuwa 15, fili har ya yi yawa. Ƙuncin wurin da ya haifi dogon mariƙi ya kau ga mafi yawan mutane. Wanda zai saya yanzu sai ya nemi wani dalilin nasa na kansa.

Dogo da guntu

Dogon mariƙi shi ne mai cika tafin hannu gaba ɗaya, inci 4 zuwa 5. Na Knight's Armament da cikakken na TangoDown su ne sanannu. Ana damƙe shi da yatsu biyar, riƙon taɓarya. Masu raina wannan riƙo a yanzu suna da yawa, amma a ganina sun yi gaggawa, domin yana da amfanin da sauran ba su da shi. Wuyan hannu yana zama a miƙe yadda Allah ya halicce shi, babu murɗiya. Wanda ya taɓa karaya a hannu, ko dattijon da sanyin ƙashi ya fara taɓawa, shi zai gaya maka bambancin wannan da riƙon da ake juya tafi sama. Sannan hannu yana nesa da ƙarfe. Siririyar rigar alminiyom, idan ka zazzage gidan harsashi uku ko huɗu a jere, ba ta taɓuwa sai da safar hannu, balle idan akwai na'urar rage ƙara a baki tana dawo da zafi baya. Akwai kuma abin da ɗan gasa ba ya tunawa da shi sam, wato tsayuwa da bindiga awa shida ko takwas, baki a ƙasa, a shingen bincike ko sintiri. A irin wannan aiki harbi kaɗan ne, ɗauka ce mai yawa, kuma hannun da ya sami abin kamawa a tsaye ya fi jimiri nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin saiti. Hannun da ya damƙi dogon mariƙi yana can ƙasa da layin bututu, saboda haka ɗan motsin wuyan hannu sai ya zama karkata a sama. Bindiga ta riƙa jirkicewa hagu ko dama, bindigar da ta jirkice kuwa ba ta kai harsashi inda aka nufa idan tazara ta yi nisa. Haka kuma idan kana juyawa daga wannan allon harbi zuwa wancan da sauri, bakin bindiga yakan zarce sai ka dawo da shi, domin daga ƙasa kake tuƙa ta. Mafi muni shi ne wanda ya kafa shi dab da gidan harsashi. Hannu biyu sun taru wuri ɗaya, duk nauyin gaba yana lilo babu mai tallafa masa. Ga kuma saƙalewa: a igiyar rataya, a aljihunan rigar sulke, a bel ɗin kujerar mota. Idan ka so ɗora riga a kan jakar yashi don gyaran saiti, shi ne zai fara tokare teburi.

Kada kuma mai shago ya ruɗe ka cewa mariƙi yana rage dukan kafaɗa. Ƙarfin da harsashi ke turo bindiga baya da shi yana nan yadda yake. Aikin mariƙi shi ne ba ka abin da za ka ja bindiga da shi ta manne a kafaɗa, ta dawo kan saiti da wuri. A bindiga mai aman wuta ba tsayawa wannan ja yana da tasiri sosai. A AR-15 ta farar hula mai sakin harsashin 5.56 ɗaya-ɗaya, dukan ma kaɗan ne, kuma tsayuwa mai kyau ta fi kowane mariƙi gyara shi.

Guntun mariƙi, mai wajen inci 3, shi nake ba wa mafi yawan mutane shawara su fara da shi, kuma dalilin shi ne ba damƙarsa ake yi ba. Tafin hannu yana rungumar rigar bututu daga gefe, babban yatsa yana kwance a jikinta ko a samanta yana kallon gaba, sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su naɗe a jikin mariƙin. Gefen tafi ya tokare shi, ka ja baya zuwa kafaɗa. Da haka hannunka yana kusa da layin bututu, kana juya bakin bindiga kamar kana nuni da yatsa, amma ba ka rasa abin ja ba. Babban yatsa yana dab da maɓallin tocila. Kuma duk lokacin da ka ɗaga bindiga, ko a duhu ne, hannu yana sauka wuri ɗaya, domin akwai abin da ke tsayar da shi. Wannan maimaituwa ta fi komai daraja a wurina. Mutum ba ya ƙwarewa da riƙon da ke canza wuri yau da gobe.

Guntun yana da wani amfani da masu gasa suka sani sarai. Idan za ka yi harbi daga bayan katanga, bakin taga ko shingen katako, sai ka ɗora riga a kai ka tura har gaban mariƙin ya tokare gefen katangar, ka jingina da nauyinka. Bindiga takan tsaya cak. Idan riga ta yi zafi kuma, ka sauko da hannu ka kama shi da yatsu uku ko huɗu, ka ƙarasa. Bai kai dogon daɗi a wannan hali ba, musamman ga mai faffaɗan hannu ko mai kaurin safa, amma zai fitar da kai.

A cikin guntayen ma akwai bambanci. MVG na kamfanin Magpul kewayayye ne, mai sauƙin kuɗi, ba ya cin hannu, ya dace da wanda bai riga ya san abin da yake so ba. Na kamfanin BCM gefensa a baje yake, jikinsa da kaushi sosai, kuma yana da 'yar karkata kaɗan: ka juya shi ta wannan fuska ya sassauta wa wuyan hannu, ka juya shi ta waccan ya zama kamar ƙugiya da ke riƙe gefen tafi. Na fi son mai bajajjen gefe, don hannu yana jin lokacin da bindiga ta fara jirkicewa, abin da kewayayye ba ya gaya maka. Guntun TangoDown ya fi su tsada da kauri, yana da rami a ciki na ajiye batir, kuma akwai samfurin da ake cirewa ba tare da alanki ba. Idan ba ka da dalilin cirewa kullum, wannan ƙarin kuɗin ba dole ba ne. Batir a cikin rami kuma yakan yi ta ƙwalƙwal sai ka naɗe shi da ƙyalle.

Mai kwanciya da ɗan tokare

Wajen 2010 Magpul ya fito da AFG, mariƙi mai kwanciya kamar ɗan gangare a ƙarƙashin riga, a daidai lokacin da salon miƙa hannu gaba da ɗora babban yatsa a saman riga ya yaɗu daga wurin masu gasa da masu koyar da harbi. Tunanin da ke bayansa mai kyau ne: a cike gurbin da ke tsakanin tafi da riga, a bar wuyan hannu a kusurwar da ba ta takura. A kan tsohuwar riga mai kauri mai tsaga a fuska huɗu yana da daɗi ƙwarai, don yana rufe kaifin ƙasa yana ba tafi wurin kwanciya. Mutane da yawa masu ciwon gwiwar hannu sun fi samun sauƙi da shi.

Sai dai yana cin fili mai yawa a ƙasan riga, kuma riƙo ɗaya tak ya sani. Idan ka tsaya a miƙe kana fuskantar allo, lafiya lau. Ka durƙusa, ka kwanta ruf da ciki, ko ka mayar da bindiga ɗaya kafaɗar, sai ka ga gangaren ba ya inda hannunka yake so. Yatsunka suna jikin riga, saboda haka bai kare ka daga zafi ba, kuma ba ya tokare katanga da ƙarfi kamar guntu. A kan siririyar riga ta zamani, wadda hannu ke rungumarta ba wahala, ban ga abin da ya ƙara ba wanda guntu bai yi ba.

Ɗan tokare shi ne mafi ƙanƙanta, ɗan tudu ne kawai da bai wuce inci ɗaya ba. Ba shi da nauyi, ba ya saƙalewa, ba ya hana ɗora riga a jakar yashi. Ga mafarauci, ko mai bindiga mara tocila mara leza da ke son hannunsa ya riƙa sauka wuri ɗaya, ya wadatar. A bindiga mai gajeren bututu yana da wani aiki mafi muhimmanci idan aka kafa shi a can ƙarshen riga: yana hana yatsu zamewa su kai bakin wuta. Wannan ba ado ba ne, kariya ce, kuma duk mai gajeren bututu ya kamata ya sa wani abu a wurin. Abin da ba ya yi shi ne kare zafi ko hutar da hannu a doguwar tsayuwa.

Masu haɗa aiki biyu

Grip Pod dogon mariƙi ne mai ɓoye ƙafafu biyu a ciki, ka danna maɓalli su faɗo su buɗe. Sojojin Amurka sun yi amfani da shi da yawa, na Birtaniya ma sun ɗaura shi a bindigarsu L85A2 a Afganistan. Ga sojan ƙasa da zai yi tafiya da rana ya kwana gadi a kan rufi, yana da ma'ana, abu ɗaya ya tsaya a madadin biyu. Amma a matsayin mariƙi ya yi tsawo da kauri da nauyi, a matsayin ƙafafu kuma bai kai na gaske irin na kamfanin Harris ba, domin a ƙasa mara daidaito ba ya ba ka damar gyara karkata yadda kake so. Mai son harbin nesa ya sayi ƙafafu na ainihi. Mai son mariƙi ya sayi mariƙi. Kwaikwayonsa masu arha da suka cika kasuwannin intanet kuwa, yawancinsu na bindigar wasa ne, ƙafafun na karyewa da zarar an jingina.

Masu naɗewa suna da gaɓa, gaɓa kuma takan saki da daɗewa, sai mariƙi ya fara girgiɗi. Masu tocila a jiki, irin tsohon M900 na SureFire, sun yi zamaninsu. Tocilar yanzu ƙarama ce, ta fi haske, kuma ɗaura ta daban ya fi, don idan ɗaya ya lalace ba ka rasa biyu ba.

Kafin ka biya, dubi rigar bindigarka

Nan ne sababbin shiga ke asarar kuɗi. Hanyar ɗauri iri uku ce a kasuwa. Picatinny ita ce tsohuwa, tudu-tudu a jere, mariƙi yana matse ta daga gefe biyu. KeyMod ta fito a 2012, ramukanta kamar ƙofar makulli. M-LOK ta Magpul ta biyo a 2014 da dogayen tsagogi. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin da cibiyar sojan ruwa ta Crane ta yi wa rundunar ayyuka na musamman ta Amurka, inda M-LOK ta fi KeyMod riƙe kaya idan bindiga ta faɗi, ta kuma fi ta jure ja. Tun daga nan kasuwa ta karkata, har KeyMod ta fara wuyar samu. Idan rigarka M-LOK ce, sayi mariƙin da ke hawa kai tsaye. Sa guntun Picatinny a tsakani don ɗaura tsohon mariƙi yana ƙara tsawo da nauyi, yana kuma ƙara wurin da zai iya kwancewa.

Wajen ɗaurin M-LOK ka kula da abu biyu. Ɗan notin ciki dole ya juya ya gitta tsaga kafin ka matse, in ba haka ba mariƙin zai zauna kamar ya kamu, ranar da ka ja da ƙarfi ya fito a hannunka. Sannan ka leƙa ka tabbata ƙarshen kusar bai taɓa bututu ko mahaɗar iskar gas ba, don a siririyar riga tazarar kaɗan ce, kusar da ta taɓa bututu kuwa tana ɓata saiti. Magpul na ba da shawarar ɗauri mai ƙarfin inci-fam 15 (ma'aunin ƙarfin matse kusa ke nan) ga kayan roba, 35 ga ƙarfe a kan ƙarfe. Wanda ya matse roba da dukan ƙarfinsa fasa ta zai yi.

Akwai kuma batun ko rigar tana taɓa bututu. Rigunan zamani a gindi kawai suke kama bindiga, bututu yana shawagi a ciki, duk jan da ka yi wa mariƙi bai shafe shi ba. Tsohuwar riga mai ɓari biyu kuwa tana jingina da bututu ta gaba, saboda haka idan ka ja mariƙi da ƙarfi ko ka tokare katanga da shi, wurin faɗuwar harsashi yakan ɗan gusa. A yadi 25 ba za ka lura ba. A yadi 200 za ka gani a allo.

Tsakanin roba da alminiyom, roba mai ƙarfi nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Ba ta ɗaukar zafin riga ko na rana, ba ta daskarar da yatsu a hunturun jihohin arewacin Amurka, kuma guntayen roba ba su kai gram 100 ba. Idan bindiga ta faɗi da ƙarfi, gara mariƙin dala 20 ya tsage da a ce na alminiyom ya tsira ya lanƙwasa rigar dala 200. Abin gudu shi ne robar da ba a san wanda ya yi ta ba. Araha ba ta ado, kuma bambancin kuɗin bai kai na kwalin harsashi ɗaya ba.

AK da nata hali

Gidan harsashin AR-15 a miƙe yake shiga. Na AK sai an saƙala gabansa sannan a juyo shi baya ya kama, kuma a lanƙwashe yake zuwa gaba. Wannan juyi yana bukatar fili, saboda haka dogon mariƙi a kan gajeriyar rigar AK yakan tare hanya, musamman da gida mai harsashi 40. Romaniyawa sun san da wannan, shi ya sa nasu ya karkata gaba a samfurin 1963. A samfurin 1965 kuma suka karkatar da shi baya domin gindin bindiga mai naɗewa ta ƙasa ya sami wucewa. Mai AK ya gwada sa gidan harsashi da cire shi, babu harsashi a ciki, kafin ya matse kusa. A nan ma guntu ya fi dacewa, kuma a kafa shi can gaba iyakar yadda riga ta bari. Haka abin yake ga dangin AK irin Beryl ta Foland da sojojin Najeriya suka fara karɓa a tsakiyar shekarun 2010. Rigar AK ta asali kuma zobe ne kawai ke riƙe da ita, idan tana da ɗan motsi, mariƙi zai ninka motsin ne.

Doka tana iya yanke maka zaɓi

A Amurka wannan ɗan roba yana iya kai mutum kurkuku, kuma ba wasa nake ba. A ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, bindigar da aka ƙera a matsayin ta hannu, ciki har da gajerun AR da AK marasa gindin kafaɗa, idan aka kafa mata tsayayyen mariƙi a gaba alhali tsawonta bai kai inci 26 ba, ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, na ɗaukarta ta koma wani rukunin makami da sai an yi masa rajista tun kafin a ɗaura. Hukuncin saɓa wa wannan doka yana kai wa shekara 10. Doguwar bindiga mai bututu inci 16 ko fiye ba ta da wannan matsala a dokar tarayya. Wannan doka ce ma ta sa masu gajerun suka rungumi mai kwanciya da ɗan tokare. Guntun da ke da 'yar karkata kamar na BCM kada ka yi caca da shi a kan bindigar hannu, ka ɗauke shi tsayayye.

Jihohi kuma kowace da nata. Kalifoniya ta lissafa mariƙin gaba cikin siffofin da ke mayar da bindiga mai sake ɗura kanta bayan kowane harbi, mai gidan harsashi mai cirewa, haramtacciya. Dokar New York ta 2013 ta ambaci duk wani mariƙi na biyu da ya fito wanda hannun da ba ya kan kunama zai iya kamawa. Abin da ke halal a Texas yana iya zama laifi bayan tafiyar awa kaɗan a jirgi. Ɗan'uwa, musamman idan zamanka a ƙasar na takarda ne ba ɗan ƙasa ba, ka karanta dokar jiharka ko ka tambayi lauya kafin ka ɗaura komai.

Wurin kafawa

Mariƙi mai kyau a wurin da bai dace ba ya fi rashinsa muni. Cire gidan harsashi, ja sakatar bindiga baya ka duba gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu da ido da yatsa ka tabbata babu komai, ka juya baki inda ba kowa. Sa kayan da za ka yi harbi da su, domin rigar sulke ko rigar sanyi mai kauri tana rage tsawon hannu. Rufe ido ka ɗaga bindiga zuwa kafaɗa sau da yawa, kowane lokaci ka lura inda gefen tafinka ya sauka, ka manna ɗan salatif a wurin. Nan ne gaban mariƙin zai zauna. Gwiwar hannu ta kasance da ɗan lanƙwasa. Idan ta miƙe sambal, ka yi nisa, kafaɗa za ta gaji cikin minti kaɗan. Idan ta manne da haƙarƙari, ka yi kusa. Daga nan ka duba ko babban yatsa yana kai wa maɓallin tocila ba tare da ka saki riƙo ba. Tocila ake gusarwa ta bi hannu.

A filin harbi ka gwada da ƙa'ida, kada ka dogara da daɗin da hannu ya ji a ɗaki. Kafa allo biyu ko uku a yadi 25, ka yi zagaye da mariƙi, ka kwance ka yi zagaye ba shi, ka kwatanta lokaci da taruwar ramuka. Ka yi a tsaye, ka yi a durƙushe, ka yi a kwance, ka kuma yi bayan riga ta yi zafi, domin a nan ne ɗan tokare da mai kwanciya ke nuna iyakarsu. Idan ka ga hannunka yana gudun riga yana neman abin kamawa a ƙasa, ko wuyan hannu yana zogi bayan rabin awa, dogo kake bukata, ka saya ba kunya. Idan sakamako bai canza ba da shi da babu shi, ka cire, nauyi ne ka rage.

Bayan fita ta farko ka sake bin kusoshin da alanki, don zafi da girgiza suna sassauta su. Ɗigon man riƙe kusa mai launin shuɗi ya isa, ka kiyaye kada ya taɓa robar, sannan ka ja ɗan layi da fenti daga kan kusa zuwa jikin mariƙi yadda da kallo ɗaya za ka gane idan ta fara juyawa.